Mensh: Mutumin Kirki a Al'adar Yidish

Ina so in yi muku bayani a kan kalma ɗaya tak ta wani harshe da yawancinmu ba mu taɓa jin ko sunansa ba. Amma bari in fara da yadda aka yi na gamu da ita.

A dogon hutun da ya wuce wani dattijo ya rasu a unguwarmu. Tela ne, shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, keken ɗinkinsa kuwa ya girme ni nesa ba kusa ba. Mahaifina ya tafi da ni wurin zaman makoki, aka sa ni aikin ba baƙi ruwa. Kwana uku ina jin magana iri ɗaya daga bakin mutane daban-daban. Wannan ya ce marigayi bai taɓa riƙe ƙyallen da ya ragu ba, sai ya naɗe shi ya sa a aljihun rigar mai shi. Wancan ya ce shekara huɗu yana ɗinka wa marayun maƙwabcinsa kayan salla bai karɓi ko kwabo ba. Kowa ya gama sai ya rufe da cewa, "Kai, mutumin kirki ne." Da muka komo makaranta na ba malaminmu na Tarihi wannan labari. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ɗauki alli ya rubuta kalma ɗaya a allo, mensh, ya ce in je in nemo ma'anarta in kawo masa. Abin da na samo a laburare da intanet ke nan nake kawo muku.

Kalmar ta harshen Yidish ce. Shi Yidish harshen Yahudawan da ake kira Ashkenazi ne, watau waɗanda suka zauna a ƙasashen Jamus tun kimanin shekara 1,000 da suka wuce, daga baya suka yi ta ƙaura gabas zuwa Polan da Lituweniya da Yukren da Rasha. Tushensa Jamusanci ne, amma ya kwashi kalmomi masu yawa daga Ibrananci, harshen littattafan addininsu, da kuma harsunan mutanen da suka zauna a cikinsu. Da haruffan Ibrananci ake rubuta shi, daga dama zuwa hagu, kamar yadda muke yi da ajami. Jimlar Yidish mafi tsufa da aka san shekararta tana cikin wani littafin addu'a na garin Worms a Jamus, wanda aka rubuta a 1272. Ibrananci shi ne na ibada da karatu mai zurfi. Yidish kuwa na gida ne da kasuwa, har suna kiransa mame-loshn, watau harshen uwa. Ku riƙe wannan, gama kalmar da muke magana a kai yaro ya fi jinta daga bakin uwarsa a madafa, tun kafin ya san hanyar makaranta.

To, mene ne mensh? Ainihin ma'anarta "mutum", shi ke nan. A Jamusanci ma haka take, ɗan Adam kawai. Amma masu Yidish sun ɗora mata wani nauyi. Idan uwa ta ga ɗanta ya zauna a kujera alhali ga tsohuwa tana tsaye, sai ta ce masa zay a mensh, watau "zama mutum". Idan saurayi ya kama sana'a ya fara ɗaukar nauyin kansa da na iyayensa, sai a ce ya zama mensh. Idan kuwa attajiri ya hana ma'aikacinsa haƙƙinsa, sai a ce wannan ba mensh ba ne, kome yawan dukiyarsa. Mace ma da wannan kalma ake yabonta. Halin kansa suna kiransa menshlekhkayt, abin da za mu ce mutuntaka.

Da na karanta wannan sai na yi dariya ni kaɗai, don ai mu ma haka muke cewa. "Wane ya zama mutum." "Rabu da shi, ba mutum ba ne." Daga "mutum" ɗin nan muka sami "mutunci". Har wani Bature da ya yi aikin mulki a Arewacin Nijeriya ya kuma koyar a Zariya, Anthony Kirk-Greene, ya yi lacca guda a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, aka buga ta a Amurka a 1974, inda ya lissafa halaye goma, cikinsu har da gaskiya da amana da haƙuri da kunya. Jama'a biyu da ba su taɓa zama tare ba, amma kowacce ta ga cewa haihuwar mutum daban, zamansa mutum daban.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wannan yabo ba shi da alaƙa da matsayi. A dā, masu Yidish da yawa a Gabashin Turai a ƙananan garuruwan kasuwa suke zaune, waɗanda suke kira shtetl. Kada ku ɗauka kowa daidai yake da kowa a irin waɗannan garuruwa. Akwai masu ilimi, akwai masu kuɗi, akwai masu asali, abin da suke kira yikhes, wanda ake bin diddiginsa ƙwarai idan za a yi aure. Ko a wurin ibada manya ne suke zama kusa da bangon gabas, talakawa kuwa can baya wajen ƙofa. Amma kalmar mensh ba ta san bangon gabas ba. Ana iya ba ɗan garuwa ita a hana babban malami. Abu na biyu kuma, ba mai faɗinta a kan kansa. Wanda ya tashi ya ce shi mensh ne, to, ya riga ya fita daga ciki. Sai dai wasu su faɗa, yawanci ma bayan ba ka nan.

Suna da wata tatsuniya da ta nuna haka. Sun ce a kowane zamani akwai mutanen kirki 36 a ɓoye, waɗanda albarkacinsu duniya take tsaye. Suna kiransu lamed-vovnik, domin a lissafin haruffan Ibrananci harafin lamed 30 ne, vov kuma 6. A labaran da ake bayarwa, irin waɗannan mutane ba a samunsu a kan kujerar girma. Mai gyaran takalmi ne, ko mai faskare, ko mai ɗebo ruwa, wanda kowa yake ganin bai san kome ba. Ba wanda ya san su, wasu ma sun ce su kansu ba su san kansu ba. Ina ganin dabarar wannan labari ita ce ya hana ka raina kowa, tun da ba ka san ko mai ɗinke maka takalmi yana cikin 36 ɗin ba.

Ta yaya ake zama mensh? Ba littafi ɗaya da ya tsara shi, amma idan ka duba yadda suka shirya zamansu za ka gane. A kusan kowane gida akwai ɗan gwangwanin sadaka, pushke, wanda uwar gida take jefa kwabo a ciki ran Juma'a da yamma kafin ta kunna kyandiran Asabar. A kusan kowane gari akwai asusun ba da rance ba ruwa, domin mai ƙaramar sana'a da jarinsa ya karye ya tashi ba tare da ya yi bara ba. Da suka yi ƙaura zuwa Amurka ma ba su bar wannan ba, sun kafa irin wannan ƙungiya a birnin Niyok a 1892. Ɗalibin da ya zo karatu daga wani gari kuwa, gidajen gari ne suke raba kwanakin mako a tsakaninsu, yau ya ci a gidan nan gobe a gidan can. Suna kiran wannan esn teg, watau "cin kwanaki". Wanda ya san zaman almajirai a garuruwanmu ba sai an yi masa dogon bayani ba. Su ma ɗalibansu sun bar labarai na gidan da ake ba ka da fara'a, da gidan da ake turo maka kwano kamar an ba kare, da ranar da ba ka da gida ko ɗaya sai ka kwana da yunwa.

A nan ne ake gane mensh, watau a wurin yadda aka bayar. Malamansu na dā sun yi tsanani ƙwarai a kan kunyata mutum a gaban jama'a, har sun kwatanta shi da zubar da jini, suna kafa hujja da yadda jini yake janyewa daga fuskar wanda aka kunyata. Saboda haka sadakar da mai karɓa bai san mai bayarwa ba ta fi daraja a wurinsu, rancen da ya hana mutum roƙo kuma ya fi duka.

Da na kai nan a karatuna sai jikina ya yi sanyi, kuma tun da na ɗauki alƙalami gara in faɗi gaskiya. Bara, ina shugaban ɗakin kwananmu, na tsaya a gaban kowa na karanta sunayen waɗanda ba su biya kuɗin tsintsiya da bokiti ba. Sunan wani ɗan aji ɗaya ne ya rage a ƙarshe, sai na ƙara da wata magana a kan takalminsa da ya tsinke, ɗaki ya fashe da dariya. Kuɗin dai ya biya bayan mako biyu. Amma har yau idan muka haɗu a bakin famfo yakan ɗauki bokitinsa ya koma wancan layi. A lokacin ina ganin aikina na yi, doka kuma tana bayana.

Akwai wani malaminsu da ya yi suna a kan wannan batu, Isra'ila Salanter, wanda ya rasu a 1883. Shi ya kafa wata hanyar karatu da ake kira Musar, wadda ta sa gyaran hali a gaba, domin ya ga ɗalibai suna haddace dokoki amma suna taka mutane. Lokacin da annobar kwalara ta faɗa wa birnin Vilna a 1848, ya tara ɗalibansa suka shiga jinyar marasa lafiya har a ranar Asabar, ranar da addininsu ya hana aiki, don a wurinsa ceton rai ya sha gaban wannan hani. Ana ba da labarin cewa wata rana ya ci abinci a gidan wani attajiri, aka ga ya wanke hannunsa na ibada da ɗan ruwa kaɗan, alhali ga tulu cike. Da aka tambaye shi dalili, sai ya nuna yarinyar gidan da take ɗauko ruwan a kafaɗa daga rijiya mai nisa, ya ce bai ga dalilin da zai nemi ƙarin lada da wahalar wata ba. Ni dai wannan labari ya fi mini bayanin mensh fiye da duk ƙamus ɗin da na duba.

Yanzu bari in zo kan tunawa, domin a ranar mutuwa ne ake yanke wa mutum wannan hukunci. Masu Yidish suna da karin magana cewa likkafani ba shi da aljihu. Attajiri da matalauci farin ƙyalle iri ɗaya ake sa musu, ba ado. Masu wanka da binnewa ƙungiya ce ta 'yan sa kai da ake kira khevre kedishe, kuma shiga cikinta abin girma ne, ba aikin da ake barin wa marasa galihu ba. Ta birnin Prag, wadda aka kafa a 1564, ita ce wasu garuruwa da yawa suka yi koyi da tsarinta. Aikinsu suna kiransa alheri na gaskiya, domin wanda aka yi wa ba zai taɓa ramawa ba, ba zai ma ce an gode ba. Idan sun gama wanka sukan nemi gafarar mamacin, ko da sun yi masa wani abu na rashin ladabi ba da saninsu ba.

Kafin a binne akan yi jawabin yabon mamaci, hesped. Abin mamaki, dokarsu ta sa wa wannan jawabi iyaka. An yarda mai magana ya ambaci halayen kirkin da mamacin yake da su, ya ɗan ƙara kaɗan, amma an hana shi zuba yabon da ba shi da tushe. Ku duba wahalar da wannan zai ba mai jawabi a kan gawar azzalumi! Sai ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce marigayi ya gina kaza, ya san littafi kaza, jama'a kuwa suna saurare suna jiran kalma ɗaya da ba za ta fito ba. Idan kuwa ta fito, aka ce er iz geven a mensh, watau "ya kasance mutum", to an gama magana.

Bayan binnewa iyali sukan zauna makoki na kwana 7 a kan ƙananan kujeru, maƙwabta ne suke kawo musu abinci. Ɗa yakan yi wata 11 yana karanta wa iyayensa wata addu'a da ake kira Kadish, wadda ko kalmar mutuwa babu a cikinta, yabon Ubangiji ne daga farko har ƙarshe. Ba a karanta ta sai mutum 10 sun taru. Saboda haka a ƙaramin gari, da sanyin asuba na ƙasar ƙanƙara, in an sami tara sai a fita neman na goma. Mutumin da zai bar bargonsa ya fito don ɗan maƙwabcinsa ya sami yi wa uwarsa addu'a, ba a biyansa, ba a rubuta sunansa, amma gari yana lura. Kowace shekara kuma, ranar da mutum ya rasu, akan kunna kyandir mai ci kwana ɗaya cur, a ba da sadaka da sunansa. Wannan rana ita ce yortsayt. In an ziyarci kabari, ɗan dutse ake ɗorawa a kai, alamar wani ya zo.

Sai kuma batun suna. Ashkenazi ba su sa wa jariri sunan wanda yake da rai, sai na wanda ya rasu. Mu a nan muna yi wa iyayenmu takwara suna raye, mu ɓoye sunan da Abba ko Ummi, su kuwa sai bayan rai. Ma'ana, kowane yaro yana ɗauke da sunan wani mamaci, kuma dole wata rana ya tambayi uwarsa wane ne mai wannan suna, wane irin mutum ne. Amsar da za a ba shi ita ce gadon da mamacin ya bari.

Wasu ba su jira a ba da labarinsu ba, sukan rubuta wa 'ya'yansu wasiyya ta hali ban da ta dukiya. Wata 'yar kasuwa mai suna Glikl, wadda aka haifa a Hambug ta Jamus ta rasu a 1724, ta fara rubuta tarihin rayuwarta da Yidish a 1691, shekara biyu bayan mutuwar mijinta, domin 'ya'yanta su san daga inda suka fito. A ciki ta yi ta ja musu kunne a kan gaskiya a ciniki, ko da Bayahude ake yi ko da wanda ba Bayahude ba. Shahararren marubucin nan na labaran ban dariya, Sholem Aleichem, shi ma ya bar tasa. Sunansa na gaskiya Sholem Rabinovich, wancan kuwa sunan alƙalami ne, kuma gaisuwarsu ce, daidai da sallamar da muke yi. Da ya rasu a Niyok a 1916, mutane kimanin 100,000 suka fito jana'izarsa. A wasiyyarsa ya roƙi kada a binne shi cikin manya da attajirai, a sa shi cikin talakawa ma'aikata. Ya kuma ce ranar yortsayt ɗinsa iyalinsa su taru su karanta ɗaya daga labaransa mafi ban dariya, da kowane harshe suka fi ji, don ya fi so a ambaci sunansa ana dariya. Iyalin sun riƙe wannan wasiyya shekara da shekaru. Jikarsa Bel Kaufman, ita ma marubuciya, tana cikin masu halarta har tsufanta, ta rasu a 2014 tana da shekara 103.

Duk wannan tsari na tunawa yana bukatar abu ɗaya, watau a sami wanda ya rage. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu masu jin Yidish sun kai kimanin miliyan 11. Tsakanin 1939 da 1945 gwamnatin Nazi ta Jamus da masu taya ta suka kashe Yahudawa miliyan 6, mafi yawansu masu wannan harshe. Garuruwa da yawa aka shafe gaba ɗaya, ba kabari, ba ɗan da zai karanta Kadish, ba jaririn da za a sa wa suna. A unguwar da aka killace Yahudawan Warso, wani masanin tarihi, Emanuel Ringelblum, da abokansa suka riƙa tattara takardu a ɓoye suna binnewa cikin akwatunan ƙarfe da garewanin madara. An tono kashi ɗaya a 1946, wani a 1950. Cikin takardun akwai wasiyyar wani malamin makaranta, Isra'ila Lichtenstein, wanda ya taimaka wajen binne su. Bai nemi yabo ba, ya roƙi a tuna da shi, da matarsa mai zane, da 'yarsu da ba ta cika shekara biyu ba. A wannan unguwa ce kuma likita Janusz Korczak, mai kula da gidan marayu tun 1912, ya ƙi karɓar hanyar tsira da aka yi masa tayi, ya bi yaransa kimanin 200 zuwa sansanin kisa na Treblinka a watan Agusta 1942. Shi da harshen Polan yake rubutu, amma in ana lissafin mensh sunansa ba ya ɓacewa. Abokiyar aikinsa Stefania Wilczyńska ita ma ta bi yaran a ranar, ko da yake ba a cika ambatonta kamarsa ba, abin da yake nuna mini cewa tunawar mutane ma ba kullum take adalci ba.

Bayan yaƙi, waɗanda suka tsira suka warwatsu a Amurka da Isra'ila da Ajantina da sauran wurare. 'Yan gari ɗaya sukan haɗa kuɗi su buga littafin tunawa da garinsu, kuma an buga ɗaruruwan irinsu. A ciki akwai taswirar tituna da aka zana da ka, da jerin sunayen matattu, da labarin mutanen gari. Ba malamai da attajirai kaɗai ake sawa ba, akan ba ɗan garuwa da ungozoma da mai keken doki nasu shafi. A yau masana suna kimanta masu magana da Yidish tsakanin rabin miliyan da miliyan ɗaya, yawancinsu a unguwannin masu tsananin riƙon addini a Niyok da Isra'ila da Landan da Antwap.

Ita kuwa kalmar ta tsallake zuwa Turancin Amurka, inda Yahudawa fiye da miliyan 2 suka yi ƙaura tsakanin 1881 da 1924. Wani marubuci, Leo Rosten, ya ƙara yaɗa ta da littafinsa na kalmomin Yidish a 1968. Yanzu Ba'amurken da bai san ko harafi ɗaya na Yidish ba yana iya cewa wane mensh ne. To, amma kada ku ce zama mensh riba ce da ake ci a nan take. Ga labarin da ya hana ni barci.

A garin Lawrence na jihar Masacusets a dā akwai wata masaƙa mai suna Malden Mills, wadda take yin wani yadin sanyi da ake kira Polartec. Mai ita Aaron Feuerstein ne, Bayahude mai riƙon addini, jikan wanda ya kafa kamfanin a 1906. Ma'aikatansa sun kai kimanin 3,000. Ran 11 ga Disamba 1995, daren da ake bikin cikarsa shekara 70, gobara ta cinye babban ɓangaren masaƙar, ma'aikata da dama suka ji rauni. A lokacin masu masaƙu na wannan yanki sun daɗe suna kwashe injinansu zuwa inda lada ya fi araha. Kowa ya ɗauka dattijon zai karɓi kuɗin inshora ya rufe ƙofa ya huta, ba kuma wata doka da za ta hana shi. Sai ya tara ma'aikata ya ce zai sāke ginawa a nan garin, kuma zai ci gaba da biyan albashin waɗanda aikinsu ya tsaya. Ya biya wata ɗaya, ya ƙara wani, ya kuma ƙara na uku, mutane suna gida ba su saƙa ko kamu ɗaya ba. Abin ya ci masa kimanin dala miliyan 25. Da 'yan jarida suka tambaye shi, ya ce abin da ya koya daga mahaifinsa da littattafan addininsa ke nan. Shugaba Bill Clinton ya gayyace shi zauren majalisa ranar jawabinsa na shekara a Janairu 1996, gidan talabijin na CBS kuma ya yi shiri a kansa ya kira shi Mensh na Malden Mills.

Da tatsuniya ce da a nan za a tsaya. Amma ginin sabuwar masaƙa ya jefa shi cikin bashi mai nauyi, ga yadi mai araha yana shigowa kasuwa. A 2001 kamfanin ya kasa biyan bashinsa, masu bin bashi suka karɓe ragama, Feuerstein ya rasa masaƙar da kakansa ya kafa. Wasu masana kasuwanci sun ce laifinsa ne, ya bi zuciya ya gina abin da ya fi ƙarfinsa, kuma ba zan ce maganarsu ba ta da kama ba. Malaminmu da kansa ya tambaye ni, in da ya rufe ya ba kowa ɗan abin sallama, da wa ya yi asara? Na ce masa waɗanda suka ci abinci a gidajensu cikin waɗancan watanni uku na hunturu su ya kamata a tambaya. Ya ce amsata ba ta cika ba, amma ya ba ni maki.

A 2007 aka sayar da kamfanin aka canza masa suna, a ƙarshen 2015 kuma sababbin masu shi suka ba da sanarwar kwashe aikin daga Lawrence. Aaron Feuerstein ya rasu ran 4 ga Nuwamba 2021 yana da shekara 95, ba shi da masaƙa. Jaridu da yawa da suka buga labarin rasuwarsa sun sa kalmar mensh a jikin sunansa.